Bindigar da Na Wanke da Toka

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da rasuwar mahaifina, Malam Sale Maƙeri. A irin wannan lokaci ya tafi: an yanke gero, dawa ta fi tsayin mutum, gyaɗa tana jiran a cire ta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa abin sadaka in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Akwai wata amana da ya bar mini a cikin gwangwanin man zafi, ɗan ƙarfe ne da bai kai gaɓar yatsa tsawo ba, kuma saboda shi ne yau ƙanena Nasiru ya bar gyaɗarsa a ƙasa ya taho gidana a Bacirawa da matarsa da 'ya'yansa huɗu.

Garinmu yana tsakanin Ɗanbatta da Kunci. Ba zan faɗi sunansa ba, don kada in ja wa sauran mutanensa ido. Ƙasa ce da ba ta da daji. Gona na manne da gona, gida na hango gida, idan ka yi atishawa a gonarka maƙwabcinka ne zai ce maka yarhamukallah. Mun tashi muna jin labarin 'yan fashi kamar labarin wata duniya, domin a ganinmu ko ɓarawon akuya ba shi da wurin laɓewa. A nan Baba ya yi rayuwarsa yana ƙera garma da fartanya da lauje. Sai dai yana da wani ilimi na biyu, wanda ba a maƙera ya same shi ba.

Da ƙuruciyarsa ya yi wasu shekaru a birni wajen wani Balarabe ɗan kasuwa mai sha'awar tara tsofaffin bindigogin zamanin Turawa, irin waɗanda ba harbi ake yi da su ba, jera su ake yi a akwatin gilashi ana kallo. Baba ne ke shafa musu mai yana gyara akwatunan. A can ya koyi duba su, ya san wace ƙira ce mai wuyar samu, wace ce ta cika kasuwa, me ke ɗaga darajar wannan ya karya ta waccan. Bai yi boko ba, amma tamburan maƙeran Turawa ya san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

A wajen rabon gado wannan ilimin yake amfani. Malamai sun san kason kowa, amma kafin a raba sai an yi wa kowane kaya kuɗi, don kada wani magaji ya shiga haƙƙin wani. Gona da dabba ba su da wuya, kowa ya san abin da suke yi a kasuwa. Amma idan aka buɗe akwatin wani tsoho aka ci karo da takobi, ko agogon aljihu, ko 'yar ƙaramar bindiga naɗe a tsumma, sai a yi cirko-cirko, a ce a kira Malam Sale. Kuma ba a rasa irin waɗannan bindigogi a ƙasarmu ba. Tsofaffin sojoji sun dawo da wasu, wasu kuma masu su kuku ne ko boyin Bature, da maigidan ya tashi komawa ƙasarsu ya bar musu a matsayin sallama.

Yana da tsarinsa da ba ya canzawa. Zai wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya kwantar da bindigar bakinta na kallon bango. Da farko ya nemi tambarin maƙerinta. Sannan ya bi lambobin da ke jikinta, ta gangar jiki da ta gidan harsashi da ta ƙarƙashin mariƙi, ya ga ko duk bakinsu ɗaya. In ɗaya ta saɓa, to haɗin gambiza ce, darajarta ta faɗi. Na ƙarshe shi ne launi. Wannan baƙi-baƙin da ke kan tsohon ƙarfe, wanda ni da ku za mu kira dauɗa, shi Baba ke kira rigarta ta asali, kuma ya ce a kansa masu tarawa suke zuba kuɗi. Daga nan sai ya yi shiru, shirun da har magada su fara gyara zama suna kallon juna, sannan ya faɗi kuɗi. Ban taɓa jin an yi masa musu ba.

Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya leƙa bakinta, ba ya taɓa kunamarta. Na taɓa tambayarsa dalili. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana Rabi ba. Ya ce, "Uwata, tsohuwar bindiga kuɗi biyu gare ta. Akwai kuɗin tarihi, akwai kuɗin aiki. Mai son tarihi bayanta yake dubawa, ya kushe ta, ya yi ta ciniki har ka gaji. Mai son aiki bakinta yake leƙawa, kuma duk abin da ka faɗa zai biya, don sauri yake yi. Ni kuɗin farko kaɗai na iya faɗa." A lokacin na ɗauke ta irin maganar tsofaffi, wadda ake yi wa murmushi a wuce.

Yanzu bari in zo kan laifina. Shekarar da na haifi ɗana na fari na zo gida wankan jego. Duk macen da ta yi wannan zama ta san yadda yake: a dafa miki ruwa, a dama miki kunun kanwa, a hana ki ɗaga ko tsinke, har sai hannunki ya fara ƙaiƙayi. Ana cikin haka wani tsohon soja na ƙauyen gabanmu ya rasu, 'ya'yansa suka kawo wa Baba libarbar da suka tarar a akwatinsa, wato ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi mai juyawa. Baba ya dube ta da hantsi, na ga fuskarsa ta yi wani haske da ban saba gani ba. Ya ce musu su dawo bayan la'asar. Ya bar ta a kan ƙyallenta a ɗakinsa ya tafi sallar azahar, daga masallaci kuma ya wuce gaida mara lafiya.

Na shiga ajiye masa kwanon abinci na gan ta. Na ce a raina, yanzu wannan baƙar ƙazanta za a mayar wa mutane a ce daga gidanmu ta fito? Ni da Inna ta rene ni a kan cewa tukunyar da ba ta ƙyalli ba a wanke ta ba! Na ɗebo toka da yashi mai laushi, na yanko lemon tsami, na zauna na miƙe ƙafa. Wallahi aiki na yi na tsakani da Allah. Kafin ka ce kwabo gefe ɗaya ya yi fari fat, kana iya ganin fuskarka, har tambarin da ke wajen ya kusa shafewa. Ina shirin juya ta in kama ɗaya gefen sai na ji sallamarsa.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi bindigar, sannan ya ce, "Sannu da aiki, Uwata. Kin goge shekara saba'in tsakanin azahar da la'asar." A ranar na san abin da ake kira gyaran gangar Auzinawa. Da magadan suka dawo bai ɓoye musu komai ba. Ya ce da safe kuɗinta kaza ne, yanzu ko rabin rabinsa ba za ta yi ba, kuma a hannunsa ta lalace, saboda haka kuɗin safe zai biya su ya riƙe kayan. Babbansu ya ce a bar maganar, tsautsayi ne. Baba ya ce akwai ƙananan marayu a cikin magada, ba wanda ke da ikon yafe haƙƙinsu. Sai da ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa. Daminar nan da sa ɗaya namu da ɗaya na maƙwabci aka yi mana huɗa. Ta haka libarbar ta zauna a gidanmu, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya baƙi, kuma ni na zaunar da ita.

Masu tara kayan tarihi ba su waiwaye ta ba. Ɗaya ya taɓa zuwa daga birni, ya juya ta, ya ga farin gefen, ya ja tsaki ya kama hanyarsa. Amma jefi-jefi wasu baƙi sukan zo maƙera, su yi ta kewaye-kewaye da zancen fartanya, a ƙarshe su tambaya ko abin nan tana tashi. Baba ya ce musu ba ta sayarwa ba ce, ya ci gaba da dukan ƙarfensa har su gaji su tafi.

A nan zan faɗi abin da 'ya ba ta cika faɗa a kan uba ba. Baba ya yi kuskure. Yana da wuta, yana da masaba, cikin rabin yini zai iya mayar da ita ruwan fartanya. Yana iya miƙa ta ga hukuma, kuma kullum cewa yake zai kai, gobe, jibi, bayan kaka. Bai kai ba. Son aikin ne ya hana shi. Idan na je gida nakan same shi ranar Juma'a da hantsi ya warware ta yana shafa mata mai, yana cewa, "Dubi yadda mutumin nan ya haɗa ƙarfe da ƙarfe, ko gashi ba zai ratsa ba." Maƙeri ne ya ga aikin wanda ya fi shi, hannunsa ya ƙi ɗaguwa a kansa.

Abin da ya iya yi shi ne cire mata haƙori. Haka yake kiran ɗan tsinken ƙarfen da ke dukan harsashi ya tashi. In babu shi, ka yi ta jan kunama har gobe, ba abin da zai fito. A ciwonsa na ƙarshe, da na je jinya, ya sa kowa ya fita, ya miƙo mini gwangwanin nan. Ya ce, "Ke kika kashe mata kuɗin tarihi ba da saninki ba. To riƙe wannan, ki kashe mata ɗayan da saninki. Kada ki bari ita da haƙorinta su sake haɗuwa, ko da Nasiru ne ya tambaye ki." Na ce to. Na tsokane shi, na ce ashe har yanzu bai huce da batun sansa ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kwana tara bayan nan ya cika.

Ranar rabon gadonsa aka fito da libarbar aka yi cirko-cirko, har wani dattijo ya buɗe baki zai ce a kira Malam Sale, sai ya tuna, ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya san yadda ake duba ta. Aka yi mata kuɗin tsohon ƙarfe aka jefa ta a kason Nasiru tare da keke da rediyo. Ni ina cikin gida tare da mata, gwangwani na cikin jakata, na ji komai na yi shiru. Na ce a raina maciji ne ba haƙori, ya kwanta a akwati har tsatsa ta cinye shi. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na toka muni, don wannan karon da hankalina na yi shi.

Da Baba zai ɗago kai yau ya dubi ƙasar da ya bari, gonakin zai gane su, zaman mutanen ne ban sani ba. Abin da muke ji daga nesa a rediyo ya matso har muna jin numfashinsa. Dawar da muke alfahari da tsayinta ita ce yanzu abin tsoro, har wasu sun daina shuka ta a bakin hanya. Mata sun daina kaiwa la'asar sakaliya a kasuwa. Ƙarar babura biyu tare tana sa a katse hira a dubi ƙofa. A zauren da ake musun taki da irin gyaɗa, yanzu samarin da ko danƙon harbin tsuntsu ba su iya riƙewa ba sun san sunayen bindigogi da abin da kowace ke yi a kasuwar bayan fage. Kowa ya zama mai yi wa bindiga kuɗi, kuma duk kuɗi na biyun suka iya faɗa. Na san abin da Baba zai yi idan ya ji su. Ba zai ce uffan ba, zai yi shirun nan nasa har su fara gyara zama.

Bara da rani Nasiru ya kawo mini ziyara yana ta fara'a, ya ce ya rabu da tsohon ƙarfen nan na Baba. Wai wani mai tara kayan tarihi ne ya saya, wani dillalin dabbobi ya haɗa su a kasuwa. Nasiru mutumin kirki ne, manomi ne da bai san komai ba sai gona. Hayaƙin maƙera ma tun yana yaro ya ce yana sa shi hawaye, shi ya sa sana'ar ta koma hannun Ado, ɗan ƙanen Baba. Amma Nasiru irin mutanen nan ne da idan aka yi musu murmushi sun gama bincike. Na ajiye ludayin da ke hannuna na ce, "Da ka miƙa masa, ina ya fara dubawa?"

Ya ce, "Yaya, wace irin tambaya ce wannan?"

Na maimaita. Ya dubi ƙasa ya ce, "Bakinta ya leƙa."

"Ya yi ciniki?"

"Abin da na faɗa ya bayar, har da na shan ruwa."

Ruwa ba ya tsami banza. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba, amma da ya tafi sai na lallashi kaina da gwangwani. Ai haƙorin yana wajena.

Watan da ya wuce na je gida jaje. An tare wata mota ranar kasuwar Ɗanbatta, ido na ganin ido, a kan hanyar burji da ta ratsa gonakin dawa. An kwashe abin da ke hannun mutane, an tafi da wani falken shanu wanda har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Inna Dije, maƙwabciyarmu mai man gyaɗa, tana cikin motar. Na same ta a kan tabarma, kwana huɗu ke nan da faruwar abin. Ta ce su uku ne, biyu da adduna, ɗaya da bindiga, kuma a goshinta ya ɗora ta. Ta ce, "'Yar nan, ban ga fuskarsa ba, bindigar kawai nake gani. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, gefe ɗaya baƙi ƙirin, gefe ɗaya fari fat kamar an wanke ta da toka."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Aikin hannuna ne aka ɗora a goshin matar da ita ce ta riƙa dafa mini ruwa a wancan wankan jegon. A ranar na gane abin da ni da Baba duk muka kasa ganewa. Mun ɗauka idan an cire haƙori an kashe maciji. Ashe wanda aka nuna wa bindiga ba ya tsayawa tambayar ko tana tashi. Mota guda cike da mutane suka sauka suka kwanta a ƙasa saboda ƙarfen da ko kaza ba zai iya harbi ba.

Kwana biyar da dawowata Nasiru ya bugo mini waya da hantsi, muryarsa kamar ta wani. Dillalin nan ya same shi a gona. Ya gaishe shi, ya yaba gyaɗarsa, ya tambayi lafiyar yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Sannan ya ce masu kayan sun ce an sayar musu da kaya bai cika ba, kuma sun ji a gari cewa Malam Sale ba ya yar da ƙarfe. Sun ba shi wa'adi zuwa kasuwa mai zuwa ya kawo musu haƙorin. Nasiru ya ce, "Yaya, na san yana wajenki. Don girman Allah ki ba su su rabu da mu. Ɗan ƙarfe ne fa." Ashe tun tuni ya sani, bai dai taɓa tanka mini ba.

Gaba kura, baya siyaki. Idan na bayar, bindigar da aka ɗora a goshin Inna Dije ba ta tashi ba, gobe a goshin wani za ta tashi, kuma da hannuna. Idan na hana, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, da yara huɗu da aka kira sunayensu. Na buɗe gwangwanin nan na rufe ya fi a ƙirga. Na yi fushi da Baba a kabarinsa, Allah Ya yafe mini, na ce ka tafi ka bar mini abin da kai ka kasa. Da fushin ya sauka na tambayi kaina me zai ce, kuma amsar ba ta yi mini wuya ba. Mutumin da ya sayar da sansa don haƙƙin marayun da ba nasa ba, ba zai sayi kwanciyar hankalin gidansa da ran ɗan wani ba. Kuma ko na bayar, wa ya ce za su rabu da mu? Wanda ya buga ƙofarka sau ɗaya ta buɗe, gobe ma nan zai dawo.

Na ce wa Nasiru ya kwaso iyalinsa a motar farko. Ya ce gyaɗa fa? Na ce gyaɗa ana shuka wata. Washegari na sa shi gaba muka je wajen hukuma, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya siffanta dillalin, ni kuma na ba su lambar bindigar, don tun ranar toka ta zauna mini a ka, sau nawa na bi ta kanta da tsumma. Sun rubuta, sun ce suna bincike, Nasiru kuma zai amsa nasa laifin idan lokaci ya yi. Yanzu yana zaune a gidana, ba ya iya haɗa ido da ni, ni ma ba na iya haɗa ido da shi. Noman shekara guda ya bari a ƙasa saboda maganata, na sani, kuma abin yana cin raina. Matarsa tana gaishe ni da ladabi, irin ladabin nan da ya fi zagi ciwo.

Ranar da Baba ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa, maimakon in ɗora tukunyar sadaka, na shiga motar Ɗanbatta na sauka a maƙerarsa. Ado yana nan, furfura ta fara fito masa, yana zaune inda Baba ke zama, da zugazugin da Baba ya ɗinka da hannunsa. Na miƙa masa gwangwanin. Ya buɗe, ya dube ni, ya gane abin da nake so. Ya kama haƙorin da awartaki ya tura a wuta, ni kuma na karɓi zuga, abin da mace ba ta taɓa yi a gidanmu ba. Da ya yi ja ya ɗora shi a kan uwar maƙera, bugu uku ya baje kamar ɓawon gyaɗa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da shi daga jaka zuwa jaka, ashe aikin bai kai tsawon kiran sallah ba.

To ga saƙona, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ku da kuke riƙe da libarbar, ko kuna karanta jarida ko wani zai karanta muku: haƙorin babu shi. Ba ya wajen Nasiru, ba ya wajena. Kun san gidana, na sani, amma ko kun zo gwangwani kawai za ku tarar. Ku kuma masu karatu, idan akwai irin wannan a ƙasan akwatin kakanku, naɗe a tsumma, kuna jiran ranar da wani attajiri zai zo ya ba ku kuɗin tarihi, ku sani attajirin nan ya daɗe da daina zuwa ƙauye. Waɗanda ke zuwa yanzu bakinta suke leƙawa. Ku miƙa ta inda ya kamata tun zaɓin yana hannunku, kada ku ce gobe, kada ku ce bayan kaka.

Me ya rage na Malam Sale? Garemanin da ya ƙera suna nan suna huɗa a gonakin mutanen da ba su ma san shi ba. Ilimin tambari da lambobi ya tafi da shi kabari, ba wanda ya gada, kuma ba na jin akwai mai nema. Tambayarsa ta rage, ina ya fara dubawa. Na gwada ta a kan mai neman auren 'yata, na gwada ta a kan mai son sayen filina, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Gaskiyarsa ta rage, har yau jikokin tsohon sojan nan idan suka gan ni sai sun rusuna. Jinkirinsa ma ya rage, shi ma gado ne, an raba mana shi ba tare da an yi masa kuɗi ba, kuma ni na fi kowa samun kaso. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa son da ya yi wa aikin wani maƙeri, Ya yafe mini toka da shiru.

Da zan taho, Ado ya rako ni bakin hanya yana ta waiwayen gonakin dawa. Ya ce ranar kasuwar da ta wuce wani baƙo ya zo masa da awo a jikin kara, ya ce a ƙera masa ɗan tsinken ƙarfe daidai wannan, ko nawa ne zai biya.

Na ce, "Me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce masa a maƙerar Malam Sale ba a ƙera wannan."

Na ce ya rufe maƙerar ya biyo ni birni har abin ya lafa. Ya ce kaka ce, in ya tafi wa zai wasa wa mutane lauje? Mota ta tsaya, na sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ya riƙe ƙofar ya rage murya.

"Yaya Rabi, ki dai ci gaba da addu'a. Ba ni kaɗai ne maƙeri a ƙasar nan ba."